Rahotanni sun yi nauyi bayan sabunta SQL Server: inda ya kamata a fara dubawa

An ɗaga rumbun bayanai daga SQL Server 2012 (manhajar Microsoft ta ajiye bayanai) zuwa 2019, an kuma ɗora shi a kan sabuwar saba da ta fi tsohuwar ƙarfi. Sai ga rahoton ciniki na ƙarshen wata, wanda a da minti biyu ya ishe shi, yanzu yana cin rabin awa, furosesa kuma ta kafe a kashi 90 ko 100 cikin ɗari. Abin da ke fara zuwa bakin mutane shi ne a ƙara wa sabar ƙarfi. Kada ka yi gaggawar haka. A mafi yawan lokuta 'yan tambayoyi ƙalilan ne (umarnin SQL da ke ciro bayanai daga rumbu) suka sauya hanyar da injin ke bi wajen amsa su, kuma su ne ke cinye furosesar. In ka ƙara ƙwayoyin furosesa ba tare da ka gano su ba, kuɗin lasisi kawai ka ƙara wa kanka.

Da farko ka tabbatar cewa sqlservr.exe, wato manhajar SQL Server kanta, ne ke cin furosesar. Wani lokaci manhajar kariya daga bairos ce ke bincikar fayilolin rumbun, wato mdf da ldf, domin ba a keɓe su a sabuwar sabar ba, ko kuma Reporting Services ne, manhajar fitar da rahotanni, da aka haɗa su a inji ɗaya. In dai SQL Server ɗin ne, sai ka duba abubuwan da kan ɓace a wajen ƙaura, domin maido da ajiyar rumbu a sabuwar saba ba ya tafiya da saitunan sabar. Tsarin wutar Windows ya kasance a High performance, domin Balanced yana rage gudun furosesa. Iyakar RAM ta SQL Server, in ba a taɓa ta ba, tana nan a 2147483647 MB, wato ba iyaka, sai a sa mata adadin da zai bar wa Windows nata rabon. Saitin cost threshold for parallelism, wato nauyin da tambaya za ta kai kafin a raba ta a ƙwayoyi, yana zuwa ne a 5, adadin da ya yi ƙanƙanta ga injunan yau, har ƙananan tambayoyi ma sai su riƙa rarrabuwa a ƙwayoyi da yawa. Masu aikin da dama sukan fara da 50 su gwada. MAXDOP kuma, wato iyakar ƙwayoyin da za a raba wa aikin tambaya, a saba mai NUMA ɗaya (rukunin furosesa da RAM guda) da ke da ƙwayoyi fiye da takwas, shawarar Microsoft ita ce a tsayar da shi a 8.

Akwai tarko ɗaya da ke kama masu bugun Standard a kan injin kwaikwayo (virtual machine). A SQL Server 2019, wannan bugun yana amfani ne da soket 4 (gurbin furosesa) ko ƙwaya 24, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Idan an gina injin da soket 16 masu ƙwaya ɗaya-ɗaya, huɗu kawai SQL Server zai taɓa. Duba sys.dm_os_schedulers, in ka ga layukan da aka rubuta wa VISIBLE OFFLINE, to ka kama ɓarawon, gyaran kuma a wajen tsara injin yake.

In waɗannan duk lafiya, to mun iso inda gizo ke saƙa. Kafin SQL Server ya amsa tambaya, sai ya ƙiyasta layuka nawa kowane mataki zai fitar, a kan wannan ƙiyasin ne yake zaɓar fihirisar da zai bi, da salon haɗa tebura, da yawan RAM da zai nema. An sake gina sashen da ke wannan ƙiyasi a bugun 2014, kuma matakin dacewa (compatibility level) na rumbun ne ke yanke wanda za a yi aiki da shi: 110 zuwa ƙasa tsohon, 120 zuwa sama sabon. Bugun 2016 shi ne 130, na 2017 140, na 2019 150, na 2022 160. Sabuntawa ita kaɗai ba ta ɗaga matakin rumbun da ke kan 100 ko sama da haka, sai dai wani ya ɗaga shi da hannu, kuma sau da yawa jerin ayyukan ƙaura na ɗauke da wannan umarni ba tare da an gwada komai ba. Tambayi sys.databases, gurbin compatibility_level zai faɗa maka.

Ga misalin yadda lissafin ya bambanta. Tebur mai layi 1,000,000, tambaya mai sharaɗi biyu, na farko yana barin kashi 10 cikin ɗari, na biyu kashi 20. Tsohon tsarin yana ɗauka sharuɗɗan ba su da alaƙa da juna, sai ya ninka su ya ce layi 20,000. Sabon yana ɗauka akwai 'yar alaƙa, sai ya sassauta sharaɗi na biyu ya ce kusan 44,700. Bambancin ya isa ya sa injin ya bar fihirisa ya koma karanta tebur gaba ɗaya. Rahotanni su suka fi shan wahala domin su ne ke haɗa tebur goma ko fiye, da sharuɗɗan kwanan wata da reshe da nau'in kaya, kuskuren mataki ɗaya kuma yana ninkuwa a na gaba. Sabon tsarin ba mugu ba ne, galibin tambayoyi ba sa jin canjin ko ma su amfana. Waɗanda suka faɗi ne ke faɗuwa warwas.

Hanyar kama su ita ce Query Store, ma'ajiyar tarihin tambayoyi da tsare-tsarensu, wanda ya zo da bugun 2016. Ka kunna shi idan a kashe yake, ka buɗe rahoton Regressed Queries ko Top Resource Consuming Queries, ka jera bisa lokacin furosesa. In ba a kunna shi ba tun farko, sys.dm_exec_query_stats zai taimaka, a jera da total_worker_time, amma ka tuna abin da ke cikinsa yana gogewa duk lokacin da aka sake kunna sabar. Ɗauki tambayoyi biyar ko goma na sama, ka buɗe ainihin tsarin aiwatarwar kowace, ka kwatanta layukan da aka yi hasashe da waɗanda suka fito. Inda aka yi tsammanin layi 1 amma 400,000 suka fito, aka kuma bi su ɗaya bayan ɗaya da salon haɗa tebura na Nested Loops, nan furosesarka ke ƙonewa. Ka lura kuma da alamar gargaɗi a kan Sort ko Hash, tana nuna RAM ɗin da aka ba tambayar bai isa ba har ta malala cikin tempdb, rumbun wucin gadi da ke kan faifai.

Kafin ka ɗora wa sabon mai ƙiyasi laifi, sabunta ƙididdiga (statistics), wato taƙaitaccen bayanin tebura da ƙiyasin ke dogara da shi. A tsohuwar doka tebur mai layi miliyan 10 sai an canza fiye da layi miliyan 2 kafin ƙididdigarsa ta sabunta da kanta, daga mataki na 130 kuwa 100,000 sun isa, amma duk da haka samfuri kawai ake ɗiba. A manyan teburan da rahotanni ke dogara da su ka yi UPDATE STATISTICS tare da FULLSCAN, da dare ko lokacin da aiki ya lafa, domin yana karanta tebur ɗin kaf.

Idan bayan haka matsalar na nan, gwajin da zai raba gardama shi ne ka ƙara wa tambayar OPTION (USE HINT ('FORCE_LEGACY_CARDINALITY_ESTIMATION')), wanda ke tilasta amfani da tsohon mai ƙiyasi, kuma yana aiki tun daga 2016 SP1. In ta dawo da gudunta na da, ka san tushen. Lokacin da ma'aikata ke jiran rahoto kuma tambayoyin da suka lalace suna da yawa, kana iya kunna LEGACY_CARDINALITY_ESTIMATION ga rumbun baki ɗaya ta ALTER DATABASE SCOPED CONFIGURATION. Na fi son wannan a kan mayar da matakin dacewa baya, domin yana barin sauran ci gaban da aka biya kuɗinsa. Sai dai yana share tsare-tsaren da ke ajiye na rumbun, don haka furosesa za ta ɗan tashi na 'yan mintoci. Ka ɗauke shi a matsayin agajin gaggawa. Gyara mai ɗorewa shi ne bi ta kan tambayoyin ɗaya-ɗaya: a tilasta tsohon tsari mai kyau da sp_query_store_force_plan, a ƙara fihirisar da ta dace, ko a karya doguwar tambaya gida biyu da tebur na wucin gadi.

Wani abu da ke rikita mutane: rahoto na jan ƙafa a manhaja, amma in ka kwafi tambayar zuwa Management Studio, manhajar sarrafa SQL Server, sai ta fito nan take. Saitin ARITHABORT ya bambanta tsakanin su biyun, saboda haka kowanne da nasa tsarin a ajiye. Bayan sabuntawa ma'ajiyar tsare-tsare fanko take, ƙimar da aka fara kira da ita ce ake gina tsari a kanta. In wanda ya fara ya nemi cinikin yini ɗaya, mai neman na shekara guda zai gaji tsarin da bai dace da shi ba. Ga rahoton da ba a kira sau ɗaruruwa a minti, OPTION (RECOMPILE), wanda ke gina sabon tsari a kowane kira, yakan magance wannan da ɗan ƙaramin farashi.

Idan akwai sauran rumbunan da ba a ɗaga ba tukuna, a bar kowanne a tsohon matakinsa bayan ƙaura, a kunna Query Store, a bari ya tattara bayanai har ya ratsa rufe lissafin ƙarshen wata aƙalla sau ɗaya, sannan a ɗaga matakin. Ta haka duk tambayar da ta lalace, tsohon tsarinta na nan a ajiye, tilasta shi kuma aikin minti ɗaya ne.