Tambayar Abba

Ina tsaka da yanka alayyafo Abba ya zo ya zauna kan turmi, ya ce, "Mama, in na daina shan ƙwayar nan zan koma mugu?"

Ajiye wuƙar na yi. Na ce wa ya ce maka kai mugu ne? Ashe da safe ya ji Inna, surukata, tana gaya wa Anti a waya wai yanzu gida ya yi lafiya tunda aka ɗora shi kan maganin mahaukata. A gaban yaro ɗan shekara 11!

Na ce masa zuciyarka ce ke saurin tashi, maganin kuma lokaci yake ba ka ka numfasa kafin hannunka ya riga ka. Ya ce to. Wannan "to" ɗin ne ya hana ni sakat har yanzu, don ban ga alamar ya shiga ba.

Sauƙi kam an samu, Alhamdulillah. Tunda ya fara risperidone, wato ƙwayar da yake sha, bai ƙara jifan 'yar'uwarsa Ummi da kwano ba, malamin Islamiyya ma ya daina aiko a kira ni. Kuma gaskiya ne asalinsa na manya ne masu taɓin hankali, likita bai ɓoye mana ba. Kaɗan ake ba yara in faɗan ya kai ga ji wa wani ciwo. Ya ce zai ƙara masa ci da barci da ƙiba, shi ya sa duk zuwa sai an ɗora shi kan sikeli, wani lokaci a duba sukarin jininsa. Ga shi kuwa wandon makaranta ya matse shi, bayan la'asar sai gyangyaɗi. Yaron da ƙwallo ba ta barinsa ya zauna.

Babansu cewa ya yi a bar ƙwayar, a ci gaba da tofi kawai. Tofi ina yi kullum. Amma an ja mana kunne kada a yanke ta farat ɗaya, kuma ita kaɗai ba ta isa ba, sai mu ma mun rage yi masa tsawa da bulala.

 

Alhamis za mu koma asibiti, zan tambaya ko za a rage masa. Kafin nan dole in sami Inna. Yadda zan faɗa wa suruka ta iya bakinta ba tare da an ce na yi rashin kunya ba, shi nake ta juyawa.