Akuya Ba Ta Rasuwa

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da Turanci a wata sakandare a Tudun Wadar Kaduna. Bayan La'asar kuma ina tara 'yan aji shida a zauren gidanmu, waɗanda WAEC da JAMB suka tasa a gaba. Kusan duk shekara sai an samu yaro guda da ya ɗaura aniyar haddace ƙamus. Na bana ɗan Rigasa ne, haziƙi, tun yana ƙaramar sakandare ya sauke Alƙur'ani, saboda haka hadda ba ta ba shi tsoro. Ya samo wani tsohon ƙamus da bangonsa ya yage, ya kama daga harafin farko, kalma ashirin kullum.

Da ya yi sati uku a haka sai na ba su aikin rubuta wasiƙa. Shi a tasa ya ce babansa ya yi "abdicate" daga tuƙin bas ɗin Kawo. Na kira shi gefe.

"Ɗana, in mai shayin bakin layinku ya bar sana'a, murabus ya yi?"

Ya yi dariya. "Haba Malam, ai murabus sai sarki."

"To akuyarku fa, in ta kwanta ba ta tashi ba, rasuwa ta yi?"

Ya yi shiru, ya sunkuyar da kai. Ƙamus bai yi masa ƙarya ba, kalmar tana nufin barin muƙami. Abin da hadda ba ta gaya masa ba shi ne muƙamin wa. Kowace kalma tana da gidan da ake yi mata lale da wanda ake korarta, kuma ba a sanin wannan sai an sha gamuwa da ita cikin magana. Mu ma a Hausa ba wanda ya zaunar da mu ya ce mutum rasuwa yake, dabba mutuwa. Ji muka yi ta yi har kunne ya saba.

Masu shirya jarrabawa kuwa nan suke ɗana tarko. A ɓangaren karanta labari na WAEC za a ciro kalma a ce kawo wata da za ta zauna a gurbinta yadda aka yi amfani da ita a wurin, ba yadda take a ƙamus ba. JAMB tambaya 60 take yi a Turanci, sauran darussa uku 40 kowanne, kuma a ciki akwai masu neman kalmar da ta fi kusa a ma'ana da wadda ta saɓa. Sau da yawa zaɓi biyu cikin huɗu duk sun yi kama da daidai, jimlar ce ke raba gardama. A rubutun zube ana son kalma 450, kuma kuskuren rubuta kalma rabin maki yake ci. Yaro ya ɗauko kalmar da ta fi ƙarfinsa, ya sa ta inda ba ta dace ba, ya kuma rubuta ta a karkace: ba wan ba ƙane. Laifinmu ne manya, mu da muke tafa wa duk wanda ya hau mumbari ya fasa Turancin da ko shi bai gane ba.

Abin da na ga yana aiki, daga Islamiyya na aro shi. Ina rubuta musu a allo: hukunci, hukuma, hakimi, hikima. Nan take wanda ya ɗan taɓa sarfu, wato ilimin ƙirar kalmomin Larabci, zai ce ai tushensu ɗaya a Larabci. Haka ilimi da malami da alama. To manyan kalmomin Turanci ma dangi-dangi suke. Tun da Normawa suka haye daga Faransa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na tsawon zamani, Latin kuma na coci da makaranta. Shi ya sa kalmomin shari'a da mulki da kimiyya galibi daga can suke, kuma ana iya ɓare su kamar gyaɗa.

Da sufeto nake farawa, don kowa ya san sufeton 'yan sanda. Daga "inspector" muka aro shi, kuma "spect" ɗin da ke ciki dubawa ne. Daga nan sai "spectator", ɗan kallo a filin wasa na Ahmadu Bello, da "suspect", wanda ake yi wa kallon tuhuma, da "respect". "Port" ɗauka ne, ga "transport" da "export" da "portable". "Mal" kuwa mugu, har maleriya asalinta muguwar iska ce a harshen Italiya, don a da an ɗauka iskar fadama ke kawo ta. Ranar da na koyar da wannan wata yarinya ta ɗaga hannu, fuska ba dariya, ta ce, "Malam, to shi Malam fa?" Zaure ya kaure. Na ce nawa daga Larabci yake, kuma ga darasi kyauta, ba duk mai kama da ɗan gida ne ɗan gida ba, sai a duba.

Sauran aikin karatu ne. Ina sayen Daily Trust, in yanke shafin ra'ayi in raba musu. A da New Nigerian, da aka kafa a nan Kaduna a 1966, ita ce ta koya wa iyayenmu irin wannan Turanci. Wanda ke da kuɗin mota ranar Asabar ina tura shi laburaren jiha a titin Bida. Ƙa'idata kalma biyar a sati, ba ashirin a rana ba. Kowa da ƙaramin littafinsa: ya kwafe jimlar da ya tsinci kalmar a ciki gaba ɗaya, ya nemo danginta, sannan ya ƙirƙiri tasa jimlar a kan abin da ya gani da idonsa, cunkoson Kasuwar Bacci ko ɗauke wutar daren jiya. Waya ban hana ba, in dai ƙamus mai furta kalma aka sa a ciki, don akwai jarrabawar lafazi tana jiransu.

Ɗan Rigasa ya dawo da wasiƙarsa ranar Alhamis. Ya soke kalmar sarakai, ya rubuta "retired". Yana kan bakin ƙofa yana sa takalmi ya waiwayo.

"Malam, to in minista ne ya ajiye aiki da kansa fa?"

Na miƙa masa jaridar ranar, na ce ya kawo mini amsa ran Litinin, haɗe da jimlar da ya same ta a ciki.