Bruce Onobrakpeya: a Zariya ya koyi zane, amma sai mun je Legas ko Amurka mu ga aikinsa

Kwanakin nan na rasa wanda zan yi hirar nan da shi shi ya sa na ce bari kawai in rubuta. Akwai wani dattijo Bruce Onobrakpeya, mutumin Agbarha-Otor ne a jihar Delta, Urhobo, an haife shi 1932, kuma har ya haura shekara 90 bai ajiye aiki ba. Mai zane ne, mai sassaƙa ne, sannan gwani ne wajen buga zane a takarda daga farantin da aka sassaƙa. In ka tambayi mutum goma a Samaru waye shi da ƙyar ka samu ɗaya da ya sani, alhali a nan ya yi karatu.

Ya shigo kwalejin kimiyya da fasaha ta Zariya a 1957, wadda daga baya ta zama ABU a 1962. A 1958 shi da su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da wasu abokansu suka kafa ƙungiyar ɗalibai masu zane, wadda mutane suka riƙa ce wa 'yan tawayen Zariya. Tawayen nasu ba wani abu ba ne, malamansu Turawa ne suna koya musu zane irin na Ingila, su kuma suka ce to mun ji, za mu ɗauki dabarar amma abin da za mu zana namu ne, tatsuniyoyinmu da adonmu da mutanenmu. Yara ne fa a lokacin, ƙasar ma ba ta samu 'yanci ba tukuna. Baje kolinsa na farko shi kaɗai a Ughelli ya yi shi a 1959 yana ɗalibi.

Baje kolin da ya fi tsaya min a rai shi ne wanda gidan adana zane-zane na High da ke Atlanta ya shirya a 2023, daga baya aka kai shi gidan tarihi na Smithsonian a Washington a 2024. An tattaro ayyukansa ne na tsakanin 1967 zuwa 1978, lokacin da cocin Katolika ke ba shi aiki, musamman zanen nan na matakai 14 na labarin gicciye kamar yadda Kiristoci suke ba da shi, wanda ya fara yi wa cocin St. Paul na Ebute Metta a Legas. Ni Musulmi ne, aƙidata daban, amma abin da ya yi a wurin ya burge ni matuƙa. Mutanen cikin zanen baƙaƙe ne da suturar gida, sojojin da ke azabtarwa kuwa ya sa musu kaki irin na zamanin mulkin mallaka. Duk ɗan Najeriya da ya kalla ba sai an yi masa fassara ba, ya san wa ake nufi.

To amma ga inda matsalar take, hoton waya yana cin amanar aikin mutumin nan. Na jima ina ganin ayyukansa a intanet ina cewa e suna da kyau, sai da na tsaya gaban ɗaya a wani gidan baje koli a Legas sannan na gane ashe rabin abin nake gani. Aikin ba shafaffe ba ne, yana da tudu da kwari kamar zanen bangon tsofaffin gidajen birnin Zazzau, in ka matsa hagu haske ya faɗo ta wani gefe sai wata fuska ta fito da ba ka gan ta ba da farko, ka matsa dama ta ɓace wata ta fito, kuma wallahi hannunka har ƙaiƙayi yake ka taɓa amma ba dama. Asalin dabarar ma tsautsayi ne ya kawo ta. A 1967 asid ya cinye masa farantin da yake aiki a kai, maimakon ya yar sai ya cike ramukan da gam mai ƙarfi, da ya bushe ya ga ai wannan tudun kansa abin sassaƙawa ne. Daga nan ya ci gaba har ya kai ga lulluɓe sassaƙar da siririn ƙarfe mai sheƙi. Daga baya kuma ya koma haɗa manyan ayyuka da tarkace, kayan cikin kwamfuta, kayan mota, duwatsun ado, abubuwan da mu a nan 'yan gwangwan ne kawai ke kallonsu da daraja.

Wanda ya fi shafar mu kai tsaye shi ne jerin ayyukan da ya yi tsakanin 1984 zuwa 1988 a kan yankin Sahel, wato fari da kwararowar hamada da halin da mutane da dabbobi suka shiga. Iyayenmu da suka ga farin 1973 da na 1984 har yau in suna ba da labari muryarsu canzawa take. Mutumin da ya fito daga ƙasar ruwa da dazuzzuka ya zauna shekaru yana zana wannan masifa tamu, mu kuma da abin ya faɗa wa yawancinmu ba mu taɓa ganin ko ɗaya ido da ido ba. Abin nan yana damuna gaskiya.

Na san wasu za su ce ai batun mutum-mutumi da surar mai rai akwai maganar malamai a kai, kuma ban raina wannan ba ko kaɗan, kowa ya bi abin da zuciyarsa ta natsu da shi. Sai dai ayyukansa da yawa alamomi ne da layuka da ado zalla, har wasu haruffa ya ƙirƙiro da kansa da yake kira Ibiebe, daga al'adar Urhobo. Mutanen da suka gaji rini da ɗinkin aska takwas da aikin fata ba baƙi ba ne a wannan fagen.

Shi dai ya yi nasa. Tun 1998 yake tara masu zane a garinsu lokacin hunturu suna koyon aiki da juna, manya da ƙanana, an kai aikinsa babban baje kolin Venice a 1990, gidan adana zane-zane na Tate da ke Landan ma yana da aikinsa a ajiye. Abin da nake roƙo ƙarami ne, sashen koyar da zane na ABU yana nan da ransa da ɗalibansa, a samu masu hali da masu ajiyar ayyukansa a Legas su ba da aron ko guda 20 ne, musamman na Sahel ɗin nan, a baje su a Zariya na wata ɗaya, a buɗe ƙofa kyauta, a rubuta bayanin kowanne da Hausa, a kwaso 'yan sakandare daga Sabon Gari da Tudun Wada da cikin birni su zo su gani. In so samu ne a yi shi tun dattijon yana raye, ya zo da kansa ya zauna da ɗaliban.