Foldojin Default da Public: yadda na yi amfani da su a cibiyarmu

Ni ke kula da kwamfutocin wata ƙaramar cibiya a Unguwar Rogo, Jos, inda ɗalibai ke atisayen jarrabawar JAMB. Kowane rukuni da asusunsa na shiga kwamfuta. A da, duk sanda aka buɗe sabon asusu sai na zauna na jera masa komai da hannu. Maganin wannan wahala ashe yana cikin C:\Users, inda Windows ke ajiye foldar kowane mai asusu tun daga sigarta ta Vista a 2007. A zamanin XP, sigar da ta gabace ta, Documents and Settings ake ce wa wurin. A cikin C:\Users ɗin ne foldojin Default da Public suke.

Default a ɓoye take, sai ka umarci kwamfuta ta nuna ɓoyayyun fayiloli kafin ka gan ta. Ba ta kowa ba ce. Kamar akwatin buga bulo take: ranar da sabon asusu ya fara shiga, daga cikinta Windows ke kwafe masa foldojinsa, har da fayil ɗin NTUSER.DAT mai ɗauke da saituna. Sai na zuba takardun atisaye a Documents ɗinta, kowane sabon rukuni ya riƙa samun kwafin kansa, ya rubuta abin da ya ga dama ba tare da ya ɓata na wani ba. Amma fa asusun da ya taɓa shiga ko sau ɗaya, duk abin da ka ƙara daga baya ba zai kai gare shi ba. Shi kuwa NTUSER.DAT ba na taɓa shi sai na ajiye kwafi a gefe, domin in ya lalace sabbin asusu na iya kasa shiga gaba ɗaya.

Public kuma guda ɗaya ce, kowa na ganinta, tsohon asusu da sabo. Alamar manhajar atisayen da na sa a Public Desktop nan take ta bayyana a fuskar allon kowane asusu, kuma ɗalibi ba zai iya goge ta ba sai da izinin admin, wato mai kula da kwamfutar. Public Documents ba haka take ba: kowa na iya buɗewa, ya canja, ya goge.

Wata malamarmu ta tambaye ni, "Malam, a nan zan ajiye makin yara?"

Na ce, "A'a, Malama. Tsofaffin tambayoyi dai a nan. Maki ki bar shi a asusunki, da lambar sirrinki."

Tsofaffin tambayoyin ma ina da kwafinsu a filas, saboda hannu da yawa ke shiga wurin.