Sawun Turkawa a Budapest: yadda na zaga garin a ɗan ƙanƙanen lokaci

Ziyarar ɗan yayata ce ta kai ni ƙasar Hangari. Yana karatun likita a Debrecen, garin da ɗalibai 'yan Najeriya suka yi yawa. Da muka ga akwai ɗan sarari kafin ranar komawata, sai muka hau jirgin ƙasa zuwa Budapest, tafiyar kamar awa biyu da rabi. Tun a jirgi yaron ya ciro waya yana karanto mini jerin wuraren da baƙi ke zuwa, har ya fara tsara wanne za mu yi da safe, wanne da yamma. Na ce masa ya ajiye. Lokacinmu kaɗan ne, in muka ce sai mun taɓa ko'ina, hotuna kawai za mu tara. Zare ɗaya za mu kama, wato shekaru 145 da Turkawan Daular Usmaniyya suka yi suna mulkin Buda, daga 1541 zuwa 1686. Abin da ya faɗo kan hanya kuma mu kalla mu wuce.

Garin da kansa yana taimakon baƙo. Kogin Danube ya raba shi biyu, Buda a kan tuddai ta yamma, Pest a shimfiɗe ta gabas, kuma sai a 1873 aka haɗa su da Óbuda suka zama birni guda. Muddin ka san inda kogin yake, da wuya ka ɓata. Taragon lantarki mai lamba 2 yana bin gaɓar Pest, ta tagarsa muka ga ginin Majalisa mai tsawon mita 96, da Gadar Sarƙa da aka buɗe a 1849, wadda sojojin Jamus suka tarwatsa a 1945 aka sake gina ta. Ban shiga Majalisar ba, kuma ban yi da-na-sani ba.

Inda na fi daɗewa shi ne hubbaren Gül Baba. Wani sufi ne ɗan ɗarikar Bektashiyya da ya zo tare da rundunar Sarki Sulaiman na Daular Usmaniyya, ya rasu a 1541, shekarar da aka ci garin. An ce Sarkin da kansa ya halarci jana'izarsa. Hanyar da muka bi siririya ce, an shimfiɗe ta da duwatsu, ga hawa mai tsauri, sai da na tsaya sau da dama ina mayar da numfashi. Hubbaren ƙarami ne, mai kusurwa takwas, da ƙubba da jinjirin wata a samansa, an kewaye shi da lambun furanni. A ciki akwai makara lulluɓe da koren ƙyalle mai rubutun Larabci, an ɗora rawani a wajen kai. Mun tarar da wasu iyalin Turkawa, tsohuwarsu ta ɗaga hannu tana addu'a, jikokin suna guje-guje a lambun. Duk wanda ya taɓa zuwa hubbaren Shehu a Sakkwato zai gane irin tsayuwar da mutanen nan suka yi. Bayan an kori Turkawa, malaman Katolika sun mayar da wurin ɗakin ibadarsu, wannan ma yana cikin abin da ya sa bai rushe ba. Gwamnatocin Hangari da Turkiyya suka gyara shi tare, aka sake buɗe shi a 2018.

A Pest kuma, dab da Gadar Elizabeth, akwai tsohuwar cocin cikin gari. Da ba don na karanta labarinta tun a gida ba, da mun wuce ta. A bangonta na kudu maso gabas akwai wani ɗan lungu da aka fafe, mai baka a sama. Mihrabi ne, tun daga zamanin da ake sallah a ginin. Yaron ya buɗe manhajar alƙibla a wayarsa, ya duba, ya dube ni ya ce, "Kawu, wallahi nan ta nuna." Masu cocin ba su toshe shi ba, ba su kuma ɓoye shi ba. Na daɗe a tsaye a gabansa, mutane suna shiga suna fita da ibadarsu, babu wanda ya ce mana kanzil.

Gaskiya na hau tudun Buda da wani irin alfahari a zuciya, irin na Musulmin da ya ji an taɓa kiran sallah a tsakiyar Turai. A cocin Matthias, wadda ita ce babban masallacin garin a wancan zamani, na saurari wata dattijuwa mai yi wa baƙi bayani. A bakinta shekarun nan na mamaya ne. Ta fara daga yaƙin Mohács na 1526, inda sarkinsu Lajos na Biyu ya mutu, ta faɗi yadda ƙasar ta rabu uku, garuruwa suka zama kufai, aka kwashi mutane bayi. Ba da ƙiyayya take faɗa ba, tarihin kakanninta take bayarwa. Ni kuma na san ɗaya ɓangaren: da rundunar Kiristoci ta ƙwace Buda a 1686 an kashe Musulmi da Yahudawan garin da yawa, masallatai kuma kusan duk sun ɓace. Labaran biyu gaskiya ne. A ganina baƙon da ya je garin mutane ya ƙi jin yadda su suke tuna abin da ya same su, ya yi asarar kuɗin jirgi.

Abin da Turkawa suka bari wanda har yau yake aiki shi ne gidajen wanka. Budapest tana zaune a kan maɓuɓɓugan ruwan zafi, kuma gidan wanka na Rudas tun ƙarni na 16 yake. Tafkin tsakiya mai kusurwa takwas ne, ginshiƙai takwas suna ɗauke da ƙubba mai ƙananan huji da aka toshe da gilashi kala-kala, haske yana saukowa ta cikin tururi. Ruwan yana ɗan warin farar wuta. Tsofaffin garin suna zaune a ciki har wuya, suna hira ƙasa-ƙasa. Mai niyyar zuwa ya bincika jadawali tukuna, domin akwai lokutan maza zalla, akwai na mata zalla, akwai kuma na gauraye, musamman a ƙarshen mako. Mu na maza muka zaɓa, muka tafi da wandunanmu masu rufe gwiwa.

Wuri ɗaya ne ya fitar da mu daga zaren da muka kama, kuma ba zan so kowa ya tsallake shi ba. A gaɓar kogi kusa da Majalisa an jera takalman ƙarfe ƙafa 60, na maza da na mata da na yara, tun 2005. Tunawa ce da Yahudawan da 'yan jam'iyyar Arrow Cross, masu goyon bayan 'yan Nazi, suka jera a bakin ruwan a 1944 da 1945, suka sa su cire takalma, suka harbe su suka faɗa kogi. Takalmi abu ne mai tsada a lokacin yaƙi, shi ya sa ake karɓewa. Mutane suna saka duwatsu da kyandir a cikinsu. Yaron da tun safe bakinsa bai rufu ba, a nan ya yi tsit.

Batun abinci yana son lura. Naman alade da kitsensa suna shiga girkin Hangari sosai, har a miyar da ake cewa ta naman sa ce, don haka tambaya dole ce. Mun dogara da miyar kifi mai jan barkonon paprika, da soyayyen ƙullin fulawa da suke kira lángos, da shagunan Turkawa da Larabawa da ke ko'ina a Pest. Kuɗinsu forint ne, ba yuro ba, kuma canji a cikin gari ya fi na filin jirgi daraja. Tikitin takarda na mota ko tarago sai ka buga shi a na'ura da zarar ka shiga, in ba haka ba tara ce. Mai zuwa da hunturu ya sani rana tana faɗuwa wajen ƙarfe huɗu, azahar da la'asar da magariba suna zuwa kusa da juna, gara ya tsara inda zai yi su tun kafin ya fita. A zo da takalmi mai taushin ƙasa, duwatsun Buda ba sa raga wa ƙafa.

Sauran sawun Turkawan yana wajen babban birnin. A Pécs, can kudu, masallacin Gazi Kasim Pasha yana tsaye a tsakiyar gari, coci ne yanzu, da gicciye a kan jinjirin wata a saman ƙubbarsa. A Eger kuma akwai hasumiya mai tsawon kimanin mita 40 da ta rage ita kaɗai bayan masallacinta ya rushe. Mun yi alkawari da yaron, in Allah ya kai mu bikin kammala karatunsa, da su za mu fara.