Talata, furen tumatir na zubewa

Zafin yau ya haura digiri 40 tun kafin azahar. Pampo kuma shiru, sai da Auta ya ɗauko bido daga maƙwabta.

Kawu ya biyo da hantsi daga Jiratawa, ya kawo wa Inna zogale. Ko zama bai yi ba ya zarce bayan ɗaki inda shukokina suke. Ya ɗan kaɗa reshen tumatir, furannin suka zubo masa a tafin hannu.

"Ɗiyata, wannan ba ƙishi ba ne, zafi ne. In rana ta kai haka, huren yakan bushe tun bai ɗaura ɗa ba, ko kwana kike kina zuba ruwa. Tumatir da salati da shu na lokacin ɗari ne. Yanzu Afrilu muke. Tumɓuke su ki sa kuɓewa."

Na ce, "Haba Kawu, duba ganyen fa, kore shar."

Ya ce, "Ganyen za ki sa a miya?"

Raina bai so ba. Tun suna cikin gwangwanin madara nake rainonsu. Amma mutumin da ya tsufa a bakin gulbi ba zan ja da shi a kan shuka ba. Ya tsuguna ya yi mini bayani dalla-dalla. Kuɓewa, yakuwa, rama da alayyafo su ke jure bazara. In jiƙa irin kuɓewa ya kwana a ruwa don ya tsiro da wuri, in ya kama, wajen wata 2 a fara tsinka, kuma kar a bari ta yi ƙarfi a jikin uwa, in ba haka ba ta rage haihuwa. Ban ruwa da sassafe ko bayan la'asar, a gindi, sosai, ba yayyafi ba. A rufe ƙasar da ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa don laima ta daɗe. Ya hango buhun kashin kajin da na ajiye, ya ce ɗanye ne, zai ƙone saiwa, in bar shi ya ruɓe tukuna.

A ƙarshe dai ya bar mini guda biyu, da sharaɗin in yi musu rumfar karan hatsi ta yamma.

Tuwo da miyar kuka da rana. Inna ta yi kwaɗon zogalen, ƙuli ya ji.

Abin da ya tsaya mini shi ne maganar da ya yi a bakin ƙofa, cewa cikin ƴaƴansa babu mai son zuwa garka, kowa sai kabu-kabu ko Libiya. Ya faɗe ta a hankali yana gyara hula. Duk wannan sanin na cikin kansa, babu inda aka rubuta shi, kuma gwiwarsa ta fara ba shi wahala. Tun magariba nake juya zancen.

Na jiƙa irin kuɓewar. In ruwa ya zo da dare sai in tashi Auta mu cika randa.