Tunkiya da Tsintsiya: Abin da Thomas Bewick Ya Sassaƙa a Guntun Katako

Idan aka yi zancen zanen Birtaniya, hankalin yawancin mutane kan tafi ga manyan allunan fenti da ke rataye a gidajen tarihi na Landan. Ni kuwa abin da ya fi kama mini zuciya shi ne na baƙi da fari, wato zanen da aka sassaƙa a ƙarfe ko katako, aka shafa masa tawada, aka buga shi da yawa domin ya shiga hannun mai ƙaramin ƙarfi.

William Hogarth ya gane haka tun da wuri. A 1751 ya fitar da zanensa na unguwar mashaya, inda wata uwa ta yi tatul har jaririnta ya suɓuce mata yana faɗowa daga kan matakala, ya kuma sa masa kuɗi sule ɗaya kacal don talaka ya iya saya. Shi ne ma ya matsa wa majalisa lamba har ta kafa dokar 1735, wadda ta hana a kwafi aikin mai zane a sayar ba da izininsa ba. Gwani ne babu ja, sai dai wa'azinsa yakan cika kunne, shi ya sa na fi daɗewa a gaban aikin Thomas Bewick.

An haifi Bewick a 1753 a Cherryburn, kusa da kogin Tyne, kuma yana ɗan shekara 14 aka kai shi koyon sana'a wurin Ralph Beilby a Newcastle. Maimakon ya yi sassaƙa a gefen falanki kamar yadda aka saba, sai ya riƙa amfani da ice mai tsananin tauri da aka yanka a gicciye, yana bin fuskarsa da ɗan ƙarfe mai tsini irin na masu zane a tagulla. Duk inda ƙarfen ya ci fari yake fitowa a takarda, saboda haka da haske yake zane a cikin duhu. Wani wurin kuma yakan ɗan kankare katakon ya yi ƙasa, don kada takarda ta danne shi sosai, sai abin da ke nesa ya fito toka-toka kamar cikin hazo. Amfanin katakon shi ne ana jera shi tare da haruffa a buga su lokaci guda, alhali farantin tagulla sai an yi masa bugu na dabam, ga shi da saurin cinyewa.

Littafinsa na tsuntsayen Birtaniya ya fito kashi biyu, a 1797 da 1804, kuma tsuntsayen sun cancanci yabon da suke sha, har wani babban tsuntsun ruwa ya ci sunansa bayan rasuwarsa a 1828. Amma ni ƙananan zanen da yake cike ƙarshen shafi da su nake nema, waɗanda faɗinsu bai kai tafin hannu ba. A cikinsu akwai wata ramammiyar tunkiya tsaye cikin dusar ƙanƙara kusa da wani kango, yunwa ta sa tana gwaigwayar tsohuwar tsintsiya, ɗanta kuma yana ƙoƙarin tsotson nonon da babu komai a ciki. Bewick bai ɗaga murya kamar Hogarth ba, ya dai ajiye ta a gindin shafi, mai gaggawa ya wuce, mai lura ya tsaya.

A wani zanen kuma ya sassaƙa tambarin ɗan yatsansa layi bayan layi, ya ɗora shi a kan hoton wani ɗan gida na ƙauye har ya kusa rufe shi, ta yadda wanda bai sani ba zai ɗauka wani ma'aikacin maɗaba'a ne ya ɓata shafin da hannu mai tawada.